Shingen lalle ko fulawar otal: wane ado ya dace da tsakar gida a Maraɗi?

Maman Nafisa:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema. Mun tare a sabon gida a unguwar Zariya, tsakar gidan fili ne fetal, daga rairayi sai katangar siminti, da rana ko ido ba ya iya hutawa a kai. Ina son in shuka ƙananan itatuwan nan da ake askewa su yi siffa, wani kamar ƙwallo, wani kamar akwati, irin waɗanda ake gani a bakin otal da ma'aikatu. Tsakanin katanga da baranda akwai wajen mita ɗaya da rabi. Maigida ya ce duk abin da zan sa kada ya zama babban icce mai fasa gini. Me zan shuka, yaushe, kuma yaya ake yin askin?

Alhaji Laminu:
Wa alaikumus salam. Hajiya, duranta za ki nema, mai ganyen nan rawaya-rawaya. Duk gidan da ya amsa sunansa a Kano da Abuja ita ce a bakin ƙofa. Tana karɓar almakashi yadda kike so, har sunan mai gida ana rubutawa da ita. Masu zuwa Katsina suna kawo ta cikin leda ta hanyar Ɗan Isa, garin kan iyaka. Ki jera ta layi biyu, ki samo yaro ya riƙa aske ta, shi ke nan.

Baban Yusra:
Alhaji, ka faɗi kyanta ba ka faɗi shan ruwanta ba. Ruwan saman Abuja ya ninka namu fiye da sau biyu. Mu nan idan shekara ta yi kyau ne muke samun kamar milimita 500, shi ma daga Yuni zuwa Satumba ya ƙare, sauran wata takwas famfo ne zai ɗauki nauyi. A watan Afrilu, lokacin da ake tashi cikin dare a tari ruwa a bido, wa zai kwashe shi ya zuba wa ganye? Ni ra'ayina a zuba tsakuwa ko a yi daɓe, a huta. Kurmi kusa da ɗaki gidan maciji ne da sauro.

Hajiya Baraka:
Kai ɗana, daɓe fa zafi yake tarawa, da dare ya sako maka shi. Diyata Maman Nafisa, ki saurare ni. Lalle za ki shuka. Gidan da na tashi a Bagalam, shingen lalle ne ya raba wurin girki da tsakar gida, kuma ba wanda ke ba shi ruwa na musamman, bakinsa muke alwala, abin da ya zuba ya ishe shi. Idan ya yi fure da yamma ƙamshinsa har zaure. Duk abin da aka aske ba a zubarwa, a shanya a inuwa, a daka, a tankaɗe, ga lallen salla ga na amare. Wannan durantar ta Alhaji, idan an aske ta me ake yi da ganyen?

Alhaji Laminu:
Hajiya, ai ado ba don a ci ake yin sa ba. Kuma lalle idan ya tsufa sai ya yi tsayi ya bar ƙasa tsirara, ga ƙaya. Na ga nasu da yawa, ba kyan gani.

Malam Isufu mai dashe:
Alhaji, abin da ka gani gaskiya ne, amma laifin mai almakashi ne, ba na lalle ba. Sana'ata ke nan a bakin gulbi, bari in ɗan tsawaita.

Mutane suna shuka shinge su zuba masa ido har ya kai tsayin da suke so, sannan su fara aske samansa. A lokacin an makara, don ya riga ya zama sanda mai tuntu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan kin dasa lalle, Hajiya, ki bar shi ya kama ƙasa, ki ga sabon toho ya fito, sai ki datse shi ya koma kamar taƙi ɗaya da rabi daga ƙasa, wajen santimita 30. Zai ba ki tausayi, amma ki daure. Duk inda kika yanke, rassa biyu ko uku za su fito a ƙarƙashin yankan. Idan su ma sun yi tsawon taƙi biyu, ki rage musu kashi ɗaya cikin uku. Haka za ki riƙa hawa da shi sannu a hankali, kowane aski ya ɗara na baya da kaɗan, har ya kai ƙugu ko ƙirji. Shingen da aka taso da shi haka, kaza ma ba ta ratsa shi.

Na biyu, kada ki aske shi a miƙe ɗoɗar, balle sama ta fi ƙasa faɗi. Ki tuna ginin katangar ƙasa irin ta da: gindi mai kauri, tana hawa tana tsukewa. Haka shinge yake so, don rana ta samu rassan ƙasa. Reshen da ba ya ganin rana zubar da ganye yake ya bushe, daga nan ne tsiraicin da Alhaji yake magana ke farawa.

Don layi ya miƙe, ki kafa guntun rodi a farko da ƙarshe, ki ja igiya a daidai tsayin da kike so, wata kuma a gefe. Ido yana yaudara, igiya ba ta yi. Kada ki sa turken icce, gara za ta cinye shi sannan ta juya kan shukar. Tsakanin dashe da dashe ki bar santimita 40, tsakaninsu da katanga kuma akalla rabin mita, musamman katangar da ranar yamma ke duka, don siminti yana gasa ganye.

Maman Nafisa:
Allah ya saka da alheri Malam. To yanzu zan iya farawa? Muna cikin Mayu.

Malam Isufu mai dashe:
Rami kawai za ki haƙa yanzu, ki cakuɗa ƙasar da takin tumaki wanda ya kwana biyu ya huce, ba ɗanye ba. Dashe kuma ki jira ruwa ya zauna, ƙarshen Yuni ko cikin Yuli. Lalle yana kamawa da reshe: a yanko mai kaurin fensir, tsawon taƙi, a soke rabinsa cikin ƙasa mai laima. Babban aski shi ma farkon damina ake yi, ƙaramin gyara kuma da kaka. Cikin bazara kada ki taɓa shi da almakashi sai dai cire busasshe, don ganyen waje shi ke yi wa na ciki inuwa, idan kika cire shi cikin zafin da ya haura digiri 40 sai rassan su ƙone.

Tsahiru:
Ina goyon bayan Malam Isufu, amma ina so in ja hankalinmu ga wani abu da ke bakin ƙofarmu. Na yi aikin gona da ƙauyuka shekaru masu yawa, kuma ban ga gwanayen aske icce kamar manoman jiharmu ba. Sassaben zamani a nan ya samo asali. A 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ke aiki da ƙungiyar mishan ta SIM a Maraɗi, ya lura cewa ƙananan kurmin da ake sassabewa a ƙone kowace shekara ba ciyawa ba ne, toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare, saiwarsu tana raye a ƙasa. Abin da aka koya wa manoma bai fi wannan ba: ka duba kututture, ka zaɓi rassa uku zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa, ka cire sauran, waɗanda ka bari kuma ka share musu ƙananan rassa har rabin tsayinsu. Bayan yunwar 1984 abin ya bazu, yau ana maganar hekta miliyan 5 da suka farfaɗo a Nijar, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram. Wanda ya je wajen ƙauyen Ɗan Saga a yankin Agye ya ga abin da idonsa.

Dalilin da ya sa na kawo wannan: yawancin sababbin unguwanninmu gonaki ne jiya. Mai gini yana zuwa, abu na farko sai ya sa a tumɓuke sabara da kalgo da magaryar da ke cikin fili, bayan an gama gini kuma ya tafi sayen fulawa a leda. Alhali sabarar nan saiwarta ta yi zurfin da ba ta buƙatar ko moɗa ɗaya ta ruwa daga gare ka. Ka bar mata ƙafa uku, ka share ƙasa, ka zagaye samanta, ganyenta mai toka-toka ya fito a jikin jar katanga, wallahi ba ka ce ita ce ta daji ba. Maman Nafisa, kafin ki sayi komi ki zagaya gidan da bayansa, ki duba ko akwai abin da ke tohowa da kansa.

Maman Nafisa:
Ikon Allah. Akwai wani kalgo a kusurwar gabas, magina sun sare shi sau da yawa yana dawowa. Da niyyata a zuba masa baƙin mai.

Tsahiru:
Don Allah kada ki yi. Ki zaɓar masa ƙafa ɗaya ko biyu, ki ɗaure su da rodi su miƙe, duk tohon da ya fito a gindi ki cire shi da hannu tun yana laushi. Idan ya wuce tsayin mutum ki datse kan, zai buɗe ya yi lema. Amma ki auna: idan bai kai mita biyu daga gini ba, ki riƙa rage shi kada ya girma sosai, maganar maigida tana kan hanya.

Abdul-Aziz:
Ina karatun aikin gona a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Ina so in ƙara dirga cikin lissafi, don ita ce aka fi amfani da ita wajen shingen lambu a ƙasar nan, kuma ba a cika kawo ta cikin gida ba. Ku dube ta da kyau: ganyenta ƙanana ne, kowane a tsage biyu, rassanta kuma a shimfiɗe suke fita, dama da hagu a layi ɗaya. Saboda haka ba sai an yi ta ƙwallo ba, a jikin bango ake shimfiɗa ta. A ja waya layi uku ko huɗu a katanga, a bar tazarar taƙi biyu tsakaninsu, a ɗaure rassan da suka bi layin, a cire waɗanda suka nufo tsakar gida. Wurin da bai fi rabin mita ba ya isa, katanga kuma ta daina ƙyalli. Irinta yana da taurin ɓawo, sai an zuba masa ruwan zafi an bar shi ya kwana a ciki kafin a shuka. Matsalarta ɗaya: akuya ba ta ganin ta ta wuce.

Hajiya Baraka:
To ai ka gama magana ɗana. Wane gida ne a Maraɗi ba akuya? Jar akuyarmu har katanga take hawa.

Abdul-Aziz:
Gaskiya ne Inna. Shekarar farko dole a kewaye da ragar waya ko ƙayar magarya. Amma abin da aka aske daga baya abincinta ne mai kyau, har da 'ya'yan.

Alhaji Laminu:
Duk na ji, amma har yanzu ba wanda ya ba Hajiya launi. Lalle kore, dirga kore, sabara toka. Mace tana son ta buɗe ƙofa ta ga ja da ruwan hoda. Kuma ni a wani gida a Kano na ga an aske fulawa siffar ɗawisu da raƙumi, abin sha'awa.

Malam Habu:
Alhaji, a nan zan sa baki. Siffar abu mai rai da aka fitar da jikinsa a tsaye, malamai da yawa suna hana ajiye ta a gida, kuma ba na ganin akwai dalilin da zai sa mutum ya shiga abin da ake saɓani a kai saboda ado. Muna da siffofin da ba wanda zai ce uffan: ƙubba, baka irin ta ƙofar soro, jinjirin wata, allo, dagi, zanko irin na saman gini. Magina na da sun ƙawata gidajen sarakuna da waɗannan ba tare da sun zana tsuntsu ba.

Malam Isufu mai dashe:
Ko ta fuskar aiki ma shawarar Malam ta fi sauƙi. Wuyan raƙumi da jelar ɗawisu sirara ne, iskar farkon damina ɗaya ta ishe su. Ƙubba kuwa ba ruwanta. Ga yadda nake yi: mai walda ya lanƙwasa mini rodi siriri rabin da'ira, in kafa ƙarfe a tsakiyar shukar, in riƙa juya rodin a kai, duk ganyen da ya leƙo waje in aske. Dagi ya fi wuya, don ba tsayi ake nema ba, zane ne a ƙasa. Sai a zana shi da toka a kan rairayi, a bi layin da ƙananan dashe kusa-kusa, a tsare su a tsayin gwiwa, a cika tsakanin da jar tsakuwa ko farin yashi. A nan durantar Alhaji ta fi lalle, don ganyenta ya fi cika. Sai dai wanda zai yi ya tabbata yana da ruwa, kuma a yi shi inda za a gan shi daga baranda ko bene, idan ba haka ba wahalar banza ce.

Maganar launi kuma, buganbiliye ita ce amsa, kuma ta dace da mu fiye da yadda ake zato. Ba ta son ruwa da yawa. Wanda ke shayar da ita kullum ganye zai samu, wanda ya bar ƙasarta ta bushe tsakanin ban ruwa shi ke samun fure. A yi mata baka ta rodi a bakin ƙofar shiga tsakar gida, a dasa ɗaya a kowane gefe, a riƙa ɗaure rassan da tsumma suna hawa har su haɗu a sama. Da tsumma na ce, ba waya ba, don waya tana zafi da rana kuma tana shiga jikin reshe. Furenta a sabon toho yake fita, saboda haka sai fure ya zube ake aski. Yaron da ke bin ta da almakashi kowane mako, furen yake yankewa tun bai fito ba. A sa safar hannu, ƙayarta ba ta da wasa.

Zali:
Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma Maman Nafisa tana da ƙananan yara, don haka dole in faɗi wannan. Cikin fulawar da ake sayarwa a bakin hanya akwai masu dafi. Loriye-roz, mai dogon ganye siriri da fure ruwan hoda ko fari, komi nata guba ne, ganye da fure da icce, ko hayaƙinta ba a so, kada a sa askinta a murhu ko a zuba wa dabba. Haka mai furen nan rawaya kamar ƙararrawa, ƙwallonta yana taɓa zuciya. Bini da zugu da ake shinge da shi, yara suna cin 'ya'yansa don suna da gardi, sai amai da zawo. Duranta ma tana yin 'ya'ya ƙanana ruwan lemo masu jan idon yaro, kuma ba a cin su. Wanda ya riga ya shuka ta ya riƙa aske ta kafin ta yi 'ya'ya.

Hajiya Baraka:
Kariya fa, 'yata? Ina da ita a tukunya, da rani ba ganye sai fure.

Zali:
Ita ma ruwan jikinta dafi ne Inna, mafarauta na da suna sa shi a kibiya. Ki ɗaga tukunyar inda jikoki ba sa kaiwa, kuma ki wanke hannu idan kin yanke ta.

Malam Isufu mai dashe:
Kariya ado ce ta gaske ga mai ƙarancin ruwa. Duk lokacin da za ki sauya mata tukunya, ki ɗaga gindin nan mai kumburi ya fito sama da yatsa biyu, a hankali zai yi siffa mai ban sha'awa. Idan ta yi dogayen rassa ki datse kawunansu, ki bar ciwon ya bushe kwana biyu ba ruwa. Yawan ruwa ne ke ruɓar da ita.

Baban Yusra:
Har yanzu ba a amsa mini ba. Malam Isufu yana cewa shinge ya cika har ƙasa kaza ba ta ratsawa. To inda kaza ba ta shiga, nan maciji da kunama ke so. Mu da muke kwana a tsakar gida da bazara, yara a kan tabarma?

Tsahiru:
Tsoronka yana da tushe, ba zan ce babu ba. Abin da ke jawo su shi ne tarin busasshen ganye da ɓeraye da sanyin laima. Ni abin da nake ba da shawara: shinge mai cika har ƙasa a yi shi can jikin katangar waje ko wajen garke. Abin da ke kusa da ɗaki da wurin kwana kuwa a ɗage masa riga, a share ƙafarsa taƙi biyu daga ƙasa yadda tsintsiya za ta shiga, fitila kuma ta haska ƙarƙashi. Lemun tsami da rumman duk suna yin kyau a haka, ƙafa ɗaya da kai zagayayye. Sauro kuma a ruwan da ya kwanta yake haihuwa, cikin ganye ɓuya kawai yake da rana. Tsohuwar tayar da ake fentawa a shuka fulawa a ciki ta fi shinge haɗari idan ba a huda ta ba.

Baban Yusra:
Wannan na yarda da shi. Amma maganar ruwa tana nan. Tun da aka hau da gari kan tudu bayan ambaliyar 1945 muke zaune kan jigawa, ka zuba bokiti ka juya ka ga kamar ba a zuba ba. Malam Isufu a fadama yake, ƙasarsa daban.

Malam Isufu mai dashe:
Gaskiyarka, shi ya sa nake ce wa masu saye daga tudu su binne tulu. Sabon tulu na ƙasa wanda ba a shafe shi da komi ba, a binne shi har wuya tsakanin shuka biyu, a cika shi, a rufe bakin da faifai ko fasasshen kasko. Yana tsatsa a hankali daidai wurin saiwa, rana ba ta sha, sauro ba ya shiga. Ruwan alwala da na ɗauraye hatsi da na wanke kayan miya duk a juya su can. Na wanki mai omo da jabel, wato bilic, kada a kai, gishirinsa yana taruwa a ƙasa, za ka ga bakin ganye yana ƙonewa.

Maman Nafisa:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ga abin da na tsayar: lalle a jikin katangar kudu, wurin alwala kusa da shi, buganbiliye a ƙofa, kalgon nan kuma ya tsira. Duranta sai na ga yadda famfonmu zai yi da bazara mai zuwa, Alhaji ka yi haƙuri. Saura zogale, surukata ta ce gida ba zogale ba gida ba ne. Shi ma ana iya yi masa siffa, ko zai ɓata layin? Kuma wane irin almakashi zan saya?

Malam Isufu mai dashe:
Zogale ba ya yin ƙubba, rassansa ba su da cika, amma kada ki bar shi ya tafi sama. Idan ya kai ƙirji ki datse shi a tsayin mita ɗaya, duk reshen da ya fito ki riƙa tsinke kansa kina kaiwa tukunya, zai zauna gajere mai yawan ganye. Ki sa shi bayan madafa, ba cikin layin lalle ba, don yana saurin girma zai yi wa lallen inuwa. Almakashi biyu kike buƙata: ƙarami na hannu ɗaya don rassa, da babba mai dogon baki don gyaran fuska. Adda kada ta kusanci shingen, tsaga reshe take yi, gara ta samu ƙofa. Ki riƙa wasa su, ki goge bakin da jabel idan kin yanke reshe mai ciwo. Dashen buganbiliye ki saya da wuri, don wajen 3 ga Agusta, ranar bikin dashen itatuwa, masu kyan suna ƙarewa. Reshen lalle kuwa ba sai kin saya ba.

Hajiya Baraka:
Ki aiko yaro idan ruwa ya zauna, in yankar miki daga nawa. Ya zo da jiƙaƙƙen buhu a naɗe su, kuma ki dasa su a ranar.